Ranar da Na Yi wa Jan-baki Busa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a fadamar Auyo ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Begila nake koya wa yara a Haɗeja bayan an tashi daga makaranta. Tun ina ɗan sikawut na iya ta, kuma tun lokacin nake da buri guda: wata makaranta ta ɗauke ni in kafa mata ƙungiyar mabusa, yara su jeru da fararen kaya, ni ina gaba. Amma ɗalibaina huɗu ne kacal, kuma duk wanda ya taɓa jin ɗan koyo yana busa begila ya san ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Maƙwabta sun yi haƙuri wata biyu, daga nan suka kai ni gaban mai unguwa.

Ana cikin haka sai Alhaji Garba, mahaifin ɗalibina Musbahu, ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, ku dawo gonata mana. Asabar da Lahadi, da sassafe. Ni wallahi ina son busar nan."

Sai da na ji ƙwalla. A raina na ce ashe akwai mai kunne a garin nan.

Kwale-kwale yake aiko mana. Mu tsallaka ruwan yana kwance shiru, tururi na tashi a kansa, shinkafa ta fitar da kai har iyakar ganinka, raɓa na ɗiga daga ganye. In tsaya a kan kunya, yara su yi ta busa, ni kuwa hankalina ya yi nisa. Kowace zangarniya gani nake kamar mutum ne ya zo sauraro. Alhaji yana can gefe yana gyaɗa kai, musamman idan Musbahu ya busa (Musbahu, Allah Ya shirya shi, busarsa kamar an taka wutsiyar akuya). Na ɗauka son ɗa ne.

Da kaina ya gama kumbura, sai na gayyato hedimastan wata makarantar kuɗi da na daɗe ina yi wa zarya. Na ce ya zo ya ga yadda manyan manoma ke daraja aikina. Har sabuwar shadda na sa, zuwa gona.

Yara suka yi nasu, hedimasta yana ta yamutsa fuska. Don in wanke kaina na karɓi begilar na ce su yi shiru. Na lumshe ido, na ja wata busa mai sanyi, a hankali, irin wadda nake yi ni kaɗai. Ban taɓa yin mai daɗinta ba. Ji na yi tana bin ruwan tana tafiya, ni ma ina bin ta, har na hango kaina da fararen kayan nan. Sai na ji wata irin shuuu ta taso daga sama. Wallahi tafi na zata.

"Malam! Malam, don Allah dakata!"

Na buɗe ido. Jan-baki ne, tsuntsayen nan masu cinye shinkafa, sun taso daga cikin ciyawar kacala sun rufe gonar ruf. Alhaji yana gudu yana kaɗa hula, ya fizge begilar daga hannuna ya danƙa wa ɗansa. "Musbahu, busa! Irin taka!"

Musbahu ya busa irin tasa. Kafin ka ce me, ko tsuntsu ɗaya babu.

Alhaji ya juyo yana haki. "Malam, ka yi haƙuri, taka ba ta korar su, lallashin su take. Tun da kuka fara zuwa ban sake ɗaura gwangwanin korar tsuntsaye a gonar nan ba. Roƙona ɗaya, kada ka bari yaran nan su ƙware sai an yi girbi."

Hedimasta ya yi dariya har sai da ya zauna a kan kunya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, har da shaddar. A kwale-kwale muna dawowa hedimasta ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, mu dai ba ma noman shinkafa, amma idan mun fara zan neme ka." Har yau bai neme ni ba, kuma ban sake bi ta layin makarantar ba.

Gaskiya abin ya yi mini ciwo, na kwana biyu ban taɓa begila ba. Amma Asabar na zagayowa na koma gonar, don babu inda za su karɓe mu sai can. Da aka yi girbi Alhaji ya aiko mini da shinkafa, na ci, kuma ta yi daɗi.

Yanzu dai idan mutum ya ce yana son aikina, nakan yi godiya, sannan a hankali in tambaye shi me yake so ya kora da shi.