Rasuwar Gwaggo, Wadda Ta Tafi Ba Takarda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jaka mai cike da takardun da ba su ake nema ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa cewa in rage masa hanya, rasuwar motarmu, wadda unguwa ta fi sani da Gwaggo. Ta cika ne a shataletalen bakin kasuwa, bayan gajeriyar ganawa da wata tankar ruwa. Ni da nake tuƙa ta na fito ko ƙwarzane babu. Ita ta shanye dukan ita kaɗai, kamar yadda ta saba.

Marigayiyar ta shigo gidanmu da ƙuruciyarta, ruwan toka, ba tabo ko ɗaya. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ita ta saye ta da kuɗin sallamarta na koyarwa, aka rubuta sunanta a takarda, sannan ta miƙo mini makulli. Ita ba ta tuƙa mota, direban take tuƙawa. Kujerar gaba tata ce, ta matso da ita daidai tsawon ƙafarta, ita kuwa ba doguwa ba ce. Tun da mai ɗakin nawa ta rasu ban bar kowa ya ja kujerar nan baya ba. Dogaye sun sha naɗe gwiwa har haɓa, amma ba wanda ya yi ƙorafi a gabana.

Gwaggo mai haƙuri ce, mai kawaici. Ba ta taɓa kunyata ni a tsakiyar titi ba, in za ta mutu sai ta lallaɓa ta kai gindin bishiya. Gaisuwarta ta safe ɗaya ce: "Kyar-kyar-kyar," sai ta yi shiru tana shawara da kanta, sannan "gurrrum," hayaƙin salansa ya kori kajin maƙwabta. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, kuma sai ta ce "ƙiiii" kamar an taka mata ƙafa. Hon ɗinta na akuya mai mura ne, amma yaran layinmu daga nesa suke gane shi.

Ba zan ɓoye ba, albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, kuma a gidan nan ni ne ƙadangaren. 'Ya'yana sun yi nisa, kowa da aikinsa da iyalinsa. Amma muddin Gwaggo na tsaye a ƙofar gida, gari ba ya wayewa ba a ƙwanƙwasa mini ba. Matar tela mai zuwa awon ciki, 'yan makarantar da suka makara, mai shagon lungu da buhunansa. Kowa da irin tasa: "Baba, an tashi lafiya? Ko ta asibiti za ka bi?" Ni kuwa kullum ta asibiti zan bi, ko da ba ni da inda za ni.

Game da ajalinta, ga yadda abin ya kasance. Tankar na dukanta jama'a suka taru, kafin in gama salati sun ɗaga Gwaggo cak sun ajiye a gefe don kada hanya ta cushe. Direban tankar, magidanci ne da furfurarsa, ya durƙusa da hula a hannu yana rantsuwa birki ne ya ƙi. Dattawan wurin suka sa baki, suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ɗaga shi, na ce na yafe, ya kama hanyarsa, ai ina da inshora. Da ƙarfi na faɗi haka don kowa ya ji. Ban ɗauki lambarsa ba, ban ɗauki hoto ba, ban kira 'yan sanda ba. Wani bawan Allah ma har ya aro tsintsiya ya share fasasshen gilashin, Allah ya saka masa.

Doguwar jinyar a kamfanin inshora aka yi ta, a kan wani benci da ke ƙarƙashin fanka mai gyangyaɗi. Ma'aikaciyar da ke bakin taga, mai ladabi ce ƙwarai, ta nemi rahoton 'yan sanda. 'Yan sanda suka ce ba sa rubuta hatsarin da ba su gani ba, balle titin ma a share yake. Ta nemi lambar tankar, na ce shuɗiya ce, direbanta kuma mutumin kirki ne. Ta nemi ainihin takardar mallaka, ba kwafi ba. Wannan kuwa mai ɗakina ce ta adana, don ta ce in ta bar mini zan ƙulle ƙusoshi da ita. Na buɗe ɗakinta, na zazzage akwatunanta. Na sami rasit ɗin dutsen guga, katin rigakafin yara, takardun jarrabawar ɗalibanta da yanzu sun yi jikoki. Na wuni zaune a ƙasa, ƙamshin kayanta ya hana ni tashi. Takardar dai ban gan ta ba.

Da na koma, ma'aikaciyar ta duba fayil ta ce, "Baba, mafi sauƙi ka zo da mai motar ta sa hannu a nan." Na ce, "'Yata, da zan iya dawo da ita, ai ba don sa hannu zan dawo da ita ba." Ta sunkuyar da kai, ta yi mini gaisuwa, sannan ta zaro wata takardar da duk magada za su sa wa hannu. Babban ɗana ya ce zai kira ni in ya fito daga taro. Autata ta turo hoton sa hannunta ta waya, aka ce sai na biro. Ana haka wa'adin neman diyya ya cika. Wani jami'i ya buga hatimi a kan fayil ɗin, ya ce in yi haƙuri. Haƙurin nan dai shi kaɗai kamfanin ya biya ni.

Marigayiyar ta bar taya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da makulli biyu, ɗaya da jan zaren da mai ɗakina ta ɗaura masa. Ta bar bakanikenta, wanda ya ce shi uwa ya rasa, don ita ta biya wa yaransa kuɗin makaranta. Ta bar tabon baƙin mai a ƙofar gida, wanda na hana a zuba wa ƙasa. Ta kuma bar ni.

Tun ranar hatsarin ba a sake ƙwanƙwasa mini ba. Matar tela ta haihu, a bakin yara na ji. Ban riƙe kowa a zuci ba, mutane da uzurinsu, kuma wanda ya makara ba ya tsayawa gaisuwa. Sai dai har yau da safe nakan sa takalmi in zauna, makulli a aljihu. Kaɗaici ya ishe ni, gara in faɗa.

Za a ɗauki gawar daga garejin bakanike ranar Asabar da hantsi, zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe, inda za a ɗora ta a sikeli. Ba a neman 'yan rakiya. Na roƙi bakanike ya kwance mini kujerar gaba, yanzu tana gida, na jingina ta kusa da ƙofa.

Za a karɓi ta'aziyya a gidan kowace safiya, daidai lokacin da kuka saba zuwa. Ba a buƙatar rahoto, ko kwafi, ko sa hannun kowa. Akwai shayi. Kujerar ma na yarda a zauna, dogo ya zo, yanzu akwai wurin miƙe ƙafa. Ba ni da abin da zan kai ku ko'ina. Ku dai ƙwanƙwasa.