Cindon da Ya Kusa Kashe Min Aure

Ko na tsufa har na fara manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, a unguwar Hajara da ke Sabha. Ni na tara mutane da kaina, na yanka musu rago, sannan na zubar da mutuncina a gabansu suna kurɓar shayi.

Ni magini ne daga Damagaram. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji uku na kwaleji kafin neman abinci ya jefo ni Libiya, kuma wannan guntun karatun shi ya kai ni ya baro. Abu ɗaya na riƙe daga darasin ilimin halittu: ɗa rabinsa daga uwa ne, rabinsa daga uba, ba ya zuwa da abin da bai gada ba. (Sauran darasin barci na yi.)

Matata Hadiza ba ta taɓa yi min abin zargi ba. Matsalar ita ce Sani, direban da ke jigilar kaya tsakanin Agadas da Sabha. Garinsu ɗaya da ita, kuma ya taɓa neman aurenta kafin ni. Ita ta faɗa min da bakinta tana dariya, ni kuwa na adana maganar a zuciya. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo mata saƙon kuka da daddawa daga mahaifiyarta. Dogo ne, kullum cikin rawani da ƙamshin turare, ni kuwa siminti har cikin kunne. Na tsani sallamarsa, wallahi. Ana ce masa Sani Cindo, don yatsu shida gare shi a hannun hagu.

Kwana biyu da haihuwa, ina wasa da hannun jaririn, sai na ga wani ɗan yatsa yana lilo a gefen ƙaramin. Na ƙirga, shida. Na sake ƙirgawa, shida. Na duba nawa, biyar. Na saci kallon na Hadiza tana shan kunu, biyar cif.

Daga nan ban ƙara samun natsuwa ba. A wurin aiki na zana lissafin a jikin buhun siminti: ni biyar, ita biyar, yaro shida, Sani shida. Ranar na ɗora bango a karkace har mudir, Balaraben da ke kula da aikin, ya sa na rushe shi. Ban ce wa Hadiza uffan ba, amma na daina kallon idonta, na daina ɗaukar yaron. Na yanke shawara ana gama suna zan ba ta takardarta, in sa ta a mota zuwa gida. (Abin haushin, motar da na sani mai zuwa garinsu ta Sani ce.)

Ranar suna da hantsi, maza suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, aka fito da jariri wurin wanzami. Gwaggo Barira ce ta riƙo shi, ƙanwar mahaifina mai sayar da abinci a unguwar Sukra, wadda ta zo zaman jego. Sai ga Sani ya matso, ya kama hannun yaron, ya tuntsire da dariya.

"Mabruk, angon ƙarni! Ashe na yi ɗan'uwa. Ka ga nasa, ka ga nawa!"

Kaina ya yi zafi. Na miƙe, na cafke hannun Sani, na ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Jama'a, ku shaida! Ni na yi karatu, ba a yi min wasa da hankali. Ni biyar, uwarsa biyar. To na shidan daga ina ya fito? Gado ba ya ƙarya!"

Liman ya sunkuyar da kai. Daga bayan labule na ji kwano ya faɗi, na san Hadiza ta ji komai.

Gwaggo ta miƙa wa wanzami yaron a hankali. Ta zo ta kama hannuna na hagu, ta juya shi, ta danna wani ɗan tsiro da ke gefen ƙaramin yatsana.

"Wannan mene ne?"

"Tabon guduma ne, Gwaggo."

"Gudumar gidanku! Ni na riƙe ka kana kwana bakwai, wanzami ya ɗaure maka cindonka da zare har ya bushe ya faɗi. Haka aka yi wa ubanka. Kakanka kuwa da nasa aka binne shi, hannu biyu ma. Gado ba ya ƙarya, ko? To ga gadonka nan, mai karatu!"

Shekara talatin da ɗoriya ina yawo da abin nan, ban taɓa tambayar asalinsa ba. Wanzami ya kama hannuna ya duba, ya ce, "Aikin ya yi kyau kuwa." Wani Balarabe maƙwabcinmu yana ta tambaya a fassara masa abin da ya faru, aka kuwa fassara masa tiryan-tiryan. Sani bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Zare hannunsa kawai ya yi, ya ce, "Halas, shi ke nan, Allah ya raya shi," ya tafi bai ci naman ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Da la'asar Hadiza ta bi Gwaggo zuwa gidanta a Sukra da yaron. Kwana arba'in ina sintiri a ƙofar gidan, ina turo dattawa ban haƙuri. Ranar da Hadiza ta yarda ta yi min magana, abin da ta ce shi ne, "Malam, tun satin bikinmu na lura da tsiron nan. Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka." Wannan ya fi zagin Gwaggo yi min ciwo.

Daga baya wata malamar asibiti ta yi min bayanin abin da na yi barci a kansa: irin wannan cindon, ya isa ya fito daga ɗaya cikin iyaye, wani ɗa ya ɗauka, wani ya tsallake, kuma zaren wanzami fata yake cirewa, ba abin da ke cikin jini ba.

Yanzu na koyi duba hannuna kafin in ƙirga yatsun wani. Hadiza ta yafe min, amma ta hana a taɓa cindon yaron. Duk ranar da na fara ɗaga murya a gidan nan, sai ta kira shi ta ce, "Zo ka ba Babanka hannu ku gaisa."