Littafin da Ya Zama Tubali

Na amsa laifina. Shekarar da Bature ya fara sayen ƙaro a Haɗeja, surukina Liman ya ba ni takardunsa masu tsada in kwafe masa littafin fiƙihu. Na jiƙa ƙaro don tawada, ruwan ya ƙi yin kauri kamar kunu. Na ƙara, na sake ƙarawa.

Matata ta ce, "Malam, ƙaro ba ya nuna ƙarfinsa a ruwa. Ya isa."

Na ce, "Ke dai ji da tukunyarki."

Damina ta sauka, fadama ta cika, danshi ya kama takardun, aikin wata huɗu ya manne wuri guda. Liman ya ƙwanƙwasa littafin, ya ji shi da tauri kamar tubali. Har yau in za a yi gini a unguwarmu, sai a ce, "A kira Malam Tubali."