Sashe na Bakwai: Abin da Ya Sawwaƙa

Jiya na yi awa biyu zaune a kan buhun shinkafa a wani shago da ke unguwar Tremont, a nan ƙasar waje, ina jiran Mai Girma Ma'ajin ƙungiyar 'yan garinmu ya gama waya. Zuwana na huɗu ke nan. A jakata akwai yarjejeniya mai shafi shida, a raina kuma akwai kuɗin hayar ɗakina na unguwar Mount Hope, wanda mai gida ya ce haƙurinsa ba zai wuce Juma'a ba.

Sana'ata zane a kwamfuta, da diflomata kuma, amma ba ni da ofis ba ni da albashi. Da manyanmu suka tashi taron shekara, ni suka ba aikin fosta da katin gayyata da takardun yabo arba'in da za su raba wa junansu. Ni mutum ne mai tsoron abin da zai je ya dawo, saboda haka na kwana uku ina tsara yarjejeniya. Na sa sashe a kan launi, na sa sashe a kan gyara, har da abin da za a yi idan kwamfutata ta mutu.

Sai na iso sashe na bakwai, wurin farashi. Jama'a, ina ni ina yanka wa sa'an mahaifina kuɗi? Mai Girma Shugaban ƙungiyar ya halarci raɗin sunana. Sai na rubuta abin da tarbiyya ta koya mini: za a biya abin da ya sawwaƙa. Shugaba ya karanta, ya yaba hankalina, ya sa hannu da alƙalami mai ruwan zinariya.

Taro ya yi kyau, ba na hassada. An kama zaure mai cin mutum ɗari biyar saboda mutum tamanin. An yi jawabi tara a kan tallafa wa matasa, na yi tafi a dukansu.

Da Ma'aji ya ajiye waya, na durƙusa na miƙa takarda. Ya bi ta da yatsa har sashe na bakwai, ya yi murmushi.

"Ɗana, ai ba mu saɓa ba. Bana bai sawwaƙa ba. Amma kwamiti bai manta da kai ba."

Ya jawo aljihun tebur ya ba ni takardar yabo. Na gane ta, domin ni na zana ta, da kuɗina kuma aka buga. Wurin suna ma a buɗe yake.

"Ka cike da kanka, rubutunka ya fi nawa kyau."

Na yi godiya. Wallahi na yi godiya, har sau biyu.

A matakalar gidanmu na tarar da maƙwabciyata Hajiya Tahiratu, 'yar zangon Kumasi, wadda ta dafa abincin taron. Na tambaye ta ko ita ma bai sawwaƙa ba.

"Ni? An biya ni tun kafin in ɗora tukunya."

Ta nuna mini tata yarjejeniyar a waya. Layi biyu ne: dala kaza, rabi yau, rabi kafin a buɗe kular abinci.

"Hajiya, ba ki ji kunyar Shugaba ba?"

"Na ji mana, ɗan boko. Na sunkuyar da kai, na miƙa hannu. Kunya a ido take, ba a takarda ba. Kai shafi shida ka yi kana gina rijiya, ka manta da guga."

Ta ranta mini rabin hayar, bayan na sa hannu a layi biyu.

Ga 'yan'uwana masu aikin kansu, shawarata ita ce: ku rubuta adadi da ranar biya tun kafin gaisuwa ta yi nisa, ku karɓi kafin alƙalami, sannan ku durƙusa yadda kuke so.

Takardar yabon tana bango kusa da difloma. Na nuna wa mai gida ita da safen nan. Ya ce zanen ya yi kyau, ya tambayi nawa nake yin irinta. Na buɗe baki, sai na ji Hajiya ta yi gyaran murya daga bene.