Ranar da Na Cafke Ƙwallon Mista Rasal

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na yi kamun da ya fi kowane kamu kyau a rayuwata ta gola, na kuma kwashi kunyar da ta fi kowace kunya nauyi. Duka biyun a ƙiftawar ido ɗaya suka same ni, a gaban Amurkawa da matansu da rabin samarin unguwarmu Hindawiyya ta Jidda. Yau ga ni da furfura har a gira, amma in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin ni ne mai tsaron gida na ƙungiyar unguwarmu. Duk 'ya'yan Hausawa ne, wasu haihuwar Jidda, wasu irina da muka tsallako teku daga Sudan. Filinmu wani fegi ne mai gishiri a bayan unguwa, turakun gida kuwa tsofaffin bututun ruwa, raga babu. Kowace Juma'a bayan la'asar mu kara da wata unguwa, in an idar da magariba a taru a gahawa, wato shagon shayin Kawu Bakur, ƙanen mahaifiyata, shi ya faɗi wanda ya fi kowa wasa a makon. Gwarzon mako shi zai hau dogon gadon kaba na bakin ƙofa, ya sha shayi da na'ana'a kyauta, duk mai wucewa ya ce masa mabruk, wato barka. Na hau gadon nan har kabar ta lotsa daidai mazaunina. Danƙo ake ce mini, wai ƙwallo in ta taɓa hannuna ta manne. (Kai, na yi girman kai. Ko kasuwa za ni, da yatsu a ware nake tafiya, don a san gola ne ke wucewa.)

Sauran kwanakin mako kuwa ba kowa ba ne ni. Lebura ne a warsha, wato garejin wata sharika, kamfanin Amurkawa da ke gyaran injinan wuta da manyan motoci a hanyar Madina, ina wanke ƙarafa da kananzir ina miƙa sifana. Sharikar ce kafilina, wato ita ta tsaya mini nake zaune a ƙasar. Sai ga labari cewa kwangila ta zo ƙarshe, za a sallami leburori, a riƙe 'yan kaɗan a koya musu kanikanci. Wanda aka sallama iƙamarsa, takardar izinin zama, ta faɗi, sai jirgin ruwa zuwa Bur Sudan. Ni kuwa ga matata Hajara da tsohon ciki, ga shi ban bar ko akuya a Sudan ba. Wanda zai zaɓi masu zama shi ne babban makanike, Mista Rasal, kuma ranar Asabar zai faɗa, don shi ma ya gama zai koma ƙasarsu.

Mista Rasal dattijo ne mai jan wuya, yana ɗingishi, ba ya son surutu, Larabcinsa guntu-guntu. Usmanu mai sito, wanda shi kaɗai ke jin Turanci a cikinmu, shi ya ba mu tarihinsa. Wai da ƙuruciya wasan besbol ne sana'arsa, biyansa ake yi. A wasan nan ana ƙirga wa mutum duk bugu mai kyau da ya yi, shi kuma saura ɗaya tal ya cika dubu gwiwarsa ta fashe, aka ɗauke shi daga fili bai sake komawa ba.

"Mutanen nan komai ƙirga shi suke, ya shaikh," in ji Usmanu. "Shekara talatin ɗayan nan na tsaye masa a maƙogwaro."

Shi ne abokan aikinsa suka shirya masa wasan ban kwana ranar Juma'a a filin gidajensu, don ya cike gurbin. Da sunan raha ne, amma kowa ya san ba raha ba ce. Sai dai ɓangaren Mista Rasal akwai wani akawu mai tumbi da ba ya iya gudu, ana neman wanda zai riƙa rugawa a madadinsa. Usmanu, Allah ya yafe masa, ya nuna ni.

Mista Rasal ya dube ni sama da ƙasa. "Inta, gudu? Kuwayyis?"

Na bugi ƙirji na ce ai ko barewa sai ta nemi alfarma. A raina kuwa cewa nake Allah ya kawo mini hanya har gida. In na burge tsohon nan ranar Juma'a, wa zai tsallake sunana ranar Asabar?

Kafin magariba duk Hindawiyya ta ji cewa Amurkawa sun zo aron Danƙo. (Ni na baza labarin, kuma ban ambaci akawu mai tumbi ba.) Aka ɗage wasanmu na makon don a raka ni. Kawu Bakur kaɗai ya ja ni gefe.

"Ya waladi, wasan da ba ka sani ba, fara zuwa kallo tukuna."

"Haba Kawu, ƙwallo ai ƙwallo ce."

"Tayyib," ya ce, ya ci gaba da ɗaurayar kofuna.

Ranar Juma'a muka cika akori-kura biyu. Mai gadi ya hana samarinmu shiga, sai suka ɗare kan katanga suka jeru da gwangwanayen kiɗansu. A ciki ga ciyawa kore shar, ga matan Amurkawa a kujeru ƙarƙashin laima, ga wani ƙaton kek a kan tebur an zana dubu a kansa da sukari. Usmanu ya tsayar da ni yana yi mini bayani. Mutum ɗaya zai jefo ƙwallo, wata 'yar ƙarama mai tauri kamar dutsen guga, ɗaya ya maka ta da kulki. In ya same ta sai ya ruga yana taka wasu matasai da aka ajiye a kusurwoyi huɗu, 'yan ɓangarensa da ke kan matasan su ma su ruga gaba. Abokan hamayya ne ke bazuwa a fili da manyan safofin hannu na fata suna cafke ta, in sun cafke an fitar da mai bugu.

"Kai ɗan ɓangaren masu bugu ne, fahimt? Da ka ji ƙau, ruga matashi na gaba. Kada ka taɓa ta. Ka ji ko? Kada ka taɓa ta."

"Halas, na ji," na ce, ina ɗaga wa mutanen kan katanga hannu.

Aka fara wasa, abin ya ƙi tsoho. Ya fito ya kai duka ya sami iska. Ya sake fitowa, ya ɗaga ta sama ta faɗa hannun wani. Mai jifa, da yake abokinsa ne, ya fara lallaɓo masa ita a hankali, Mista Rasal ya jefar da kulki ya daka masa tsawa, Usmanu ya ce cewa yake a jefo masa irin ta maza ko a tashi. Nan na fara jin tausayinsa. Rana ta yi ƙasa, aka shiga zagayen ƙarshe, kuma saura mutum ɗaya a fitar wasa ya ƙare. Akawu ya lallaɓa da ƙyar ya kai matashi na biyu yana haki, aka ce in je in karɓe shi. Mai bugu na gaba Mista Rasal ne, kuma daga wannan babu wata dama.

To, ga inda ƙaddara ta ɗana mini tarko. Matashi na biyun nan yana tsakiyar fili ne, yana fuskantar mai bugu sak, yadda gola ke fuskantar mai bugun fenariti. Ina tsayawa na ji gwiwoyina sun lanƙwashe da kansu, hannuwana sun buɗe. Daga kan katanga kuma aka ɗauka: "Danƙo! Danƙo! Yalla ya Danƙo!"

Sai na ji ƙau.

Wallahi bugu ne na gaske, irin wanda tsohon ya yi shekara talatin yana mafarki. Ƙwallon ta wuce ta gefen kunnen mai jifa, ta taho ta haguna daidai ƙirji, bayana kuwa fili fetal babu kowa. Da na bar ta, da dubu ta cika da kyau. Ina jin Usmanu yana ihu, "Ijri! Ruga! Ruga!" Kunnena ya ji, jikina bai ji ba. Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba. Na miƙe a iska, na cafke ta da hannu tsirara, na faɗo na mirgina, na rungume ta a ƙirji.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na miƙe na ɗaga ta sama, na sumbace ta, na juya ina nuna wa kowane ɓangare. Katanga ta kece da sowa, gwangwanaye suka ɗauka, wani har ya faɗo ciki don murna.

Da na waiwayo wajen Amurkawa in karɓi nawa yabon, sai na ga babu mai motsi. Wata mata ta riga ta ɗauko kek ta tsaya da shi a hannu, baki buɗe. Mista Rasal ya yi rabin hanya zuwa matashin farko da ɗingishinsa, ya tsaya cak yana kallona. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu a sanyaye ya ce wani abu, mutane suka fara cire safofinsu. Usmanu ya iso da hannu biyu a ka.

"Inna lillahi! Ish sawwait? Me ka yi? Naku ne ya buga! An fitar da kai, wasa ya ƙare!"

Abin da ya fi kashe ni shi ne mutanena ba su gane ba. Fili ya yi tsit, su kuwa suna ta "Danƙo! Danƙo!" har da sabuwar waƙa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ba ruwanta.

Mista Rasal ya tako har gabana ya miƙo hannu. Na ba shi ƙwallon kaina a ƙasa, ya sa ta a aljihu, ya sake miƙo hannu. Ashe hannuna yake son gani. Sai a lokacin na lura ƙaramin yatsana ya kalli wata alƙibla daban. Ya sa ni a motarsa ya kai ni asibitin sharika aka ɗaure, ya sauke ni bakin unguwa. Ni kuwa a zuci har na fara ɗaure kayanmu, ina tunanin yadda Hajara za ta hau jirgin ruwa da cikin nan.

Da na ba ta labari sai ta ce, "To Malam, ai ka kama. Ba shi ne aikin naka ba?" A gahawa kuma samari suka dage ni ne gwarzon mako. Kawu Bakur, wanda Usmanu ya riga ya feɗe masa biri har wutsiya, ya zuba mini shayi da kansa ya ce, "Hau gadon mana, ya batal, gwarzon mako. Ai ƙwallo ƙwallo ce." Na hau, ana ta mabruk.

Ranar Asabar aka ce Mista Rasal na kirana. Na shiga ofis, Usmanu na tsaye zai yi tafinta, ƙwallon tana kan tebur. Na fara ba da haƙuri da Larabci da Hausa har da kalmomin Turanci biyun da na mallaka. Ya ɗaga mini hannu. Sai na ga kafaɗunsa na girgiza, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya yi ta dariya har yana share hawaye da hularsa.

Usmanu ya riƙa juya mini maganarsa. Wai abokansa sun yi ta gardama, wasu na cewa a ƙa'ida bugun ya shiga lissafi tunda ɗan ɓangarensa ne ya tare, wasu na cewa bai shiga ba, shi kuma ya ce su bar shi haka.

"Ya ce a garinsu waɗanda suka cika dubu suna da yawa, ba mai tsayawa sauraron labarinsu. Amma babu wanda ɗan gidansu ya tashi sama ya cafke masa ta dubun da hannu tsirara, har ya sumbace ta. Ya ce ka ba shi labarin da zai riƙa bayarwa har ya mutu."

Ban san ko in yi dariya ko in nutse ba. Sai ya kama fuska ya ƙara wata magana, Usmanu ya yi murmushi kafin ya fassara.

"Ya ce kana cikin masu zama. Wai hannu irin naka ba a koyar da shi, kan mutum ne ake koya wa. Amma in ka sake barin hannunka ya riga kanka kusa da fankar inji, ba yatsa ɗaya za ka rasa ba."

Ya sa na tsoma babban yatsana a baƙin mai na dangwala a jikin ƙwallon, ya naɗe ta a hankici. Na fito na zauna bayan sito na yi kuka mai isata, ina ta alhamdu lillahi.

A Hindawiyya Hajara ta haihu, a Jidda na zama makanike, da sifana na aurar da 'ya'yana duka. Ban sake jin ɗuriyar Mista Rasal ba, amma ban taɓa daina gode masa ba. Na lalata masa abin da ya jira shekara talatin, yana da iko da abincina a hannunsa, ya zaɓi ya yi dariya. Ba kowa Allah ke ba irin wannan zuciyar ba.

Ni dai na koyi cewa ba duk abin da ya gifta ta gabanka ne naka na kamawa ba, kuma gwanintarka ma tana iya kai ka ta baro in ba ka tambayi wa ya bugo ba. Shi ya sa yanzu ko lemo jikana ya wurgo mini, sai na tambaye shi ɓangaren wa nake kafin in miƙa hannu.