Ni da Murfin Gadon Tirela

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Asabar ce cikin watan Janairu, shekara uku ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina tuƙi sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara da tirelar, don ita ta jawo komai. Ina aiki a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, nan ƙasar Larabawa, aikina bin takardun kwantena daga wannan tebur zuwa wancan. Akwai wani Balarabe abokin aikina da duk lokacin sanyi yake kwasar iyalinsa su tafi sahara su kwana biyu, ran Litinin ya dawo yana nuna mana hotunan gashin nama. Da ya tashi sayen sabuwar tirela sai ya yi mini tayin tsohuwar. Ɗaki ne guda a kan taya: gado, ɗan wurin girki, taga biyu, ka ɗaura a bayan mota ka ja. Ni da rabona da kwana a waje tun sansanin bautar ƙasa, na ce ina so. (Matata Sadiya cewa ta yi, "Abban Hanan, duk sanyin esin da ke garin nan bai ishe ka ba, sai mun je mun kwanta a rairayi?" Na ce mata ba ta san daɗin duniya ba.)

Gadon tirelar a kan wani dogon akwati yake. In ka ɗaga katakon da katifa ke kai, sai ga wuri a ƙasa na ajiye barguna da tukwane da darduma. Matsalar ita ce katakon nan da katifarsa sun kai nauyin buhun shinkafa. Sai wani ya riƙe, wani ya zaro kaya, in kuwa kai kaɗai ne to da ƙoƙon kanka za ka tokare shi. Fitarmu ta farko ya suɓuce wa Sadiya ya danne mata yatsa, farcen ya yi wata guda yana baƙi. Ta rantse ita da murfin nan har abada.

To, a nan ne na ga wani bidiyo a waya. Wani mutum ya ɗaura wa irin wannan murfin 'yan sandunan nan masu gas a ciki, irin waɗanda ke riƙe murfin but ɗin mota, waɗanda makanikai ke ce wa shok. Da yatsa ɗaya ya taɓa, murfin ya tashi da kansa. Bidiyon minti huɗu ne, na kalli biyu na ce na gane.

Na je wani shagon kayan mota a bayan Al Satwa. Mai shagon dattijo ne, tabarau a kan hanci. Na yi masa bayani da guntun Larabcina da hannuwa.

Ya ce, "Murfin kilo nawa ne?"

Na ce, "Mai nauyi ne sosai."

Ya ce, "Habibi, sosai ba lamba ba ce. Je ka auna ka dawo."

Na ji kamar ya raina ni. Na ce ya ba ni mafi ƙarfi a shagon, guda biyu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce waɗannan na ƙofar bayan babbar mota ne. Na ce su nake so. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya naɗe mini su a jarida.

Yanzu sai in gabatar muku da Hajiya, mahaifiyar Sadiya. 'Yar kasuwa ce, tana zuwa daga Kano sarin abaya da turare, ta sauka a otal a Al Rigga tare da ƙawayenta. Shekara shida da aurenmu a lokacin, Hajiya ba ta taɓa ganin kaina babu hula ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. In na gaishe ta a durƙushe nake, idona a ƙasa, ita kuma duk inda ta zauna cewa take Allah ya ba 'yarta miji mai natsuwa. Wannan shaidar na daɗe ina tattalinta kamar fasfo.

A ranar an shirya zan je in ɗauko ta bayan la'asar ta zo ta ga gida. Lissafina shi ne in gama aikin kafin azahar, in yi wanka, in sa shadda, in ta zo in nuna mata murfin da ke tashi da yatsa ɗaya, a matsayin abin da na yi don kada 'yarta ta sake jin ciwo.

Tirelar tana ajiye a wani filin rairayi a bayan benenmu, inda mutane ke barin motoci. Ko a Janairu, cikin tirela da rana ba wasa ba ne. Kafin minti goma na jiƙe sharkaf. Na cire jallabiyata da hula na kai cikin mota, can ƙarshen filin, don kada maiƙo ya ɓata su, na dawo a guje daga ni sai singileti da gajeren wando. (Singiletin nan tana da huda a ciki, daidai cibiya. Sadiya ta jefar da ita sau biyu, sau biyun ina tsinto ta.)

Na kwashe kayan akwatin, na huda, na ɗaura, na kwance, na sake hudawa. Shok ɗin nan ko na hau kansa da duk nauyina da ƙyar yake motsi, wanda da mai hankali ne da ya tsaya ya yi tunani a nan. Ni sai na ce alamar mai kyau ne ke nan. Wajen ƙarfe ɗaya na gama. Murfin ya tashi da kansa yana wani ɗan huci, sss, ya tsaya cak. Wallahi sai da na tafa wa kaina.

Sai na zo rufewa.

Na danna, ya sauka. Na saki, ya sake tashi a hankali kamar mai miƙa bayan barci. Na ɗora katifa, ya tashi da ita. Na ƙara filo biyu da bargo, ko a jikinsa. Maimakon in yarda cewa shok ɗin ya fi ƙarfin murfin, sai na gaya wa kaina wani abu ne ke tokarewa daga ciki, kuma ba za a gane shi ba sai daga cikin. Na tattara kayan aikina na zuba a akwatin, na shiga na kwanta rigingine, sukudireba a baki, waya a kan ƙirji da fitilarta a kunne. Na kama katakon tsakiya da hannu biyu na jawo murfin har ya rufe ni.

A daidai lokacin na ji muryar Sadiya a bakin ƙofa.

"Umma, a hankali, matakalar tana ɗan motsi."

Ashe Hajiya ta gama sarinta da wuri, ta ce ba sai an wahalar da ni ba, ta hau tasi.

Ku fahimce ni, ina da dama. Da na ɗaga murya na ce, "Ku ɗan dakata a waje," da magana ta ƙare. Amma na tuna gwiwoyina a waje, na tuna hudar singileti, na tuna kaina babu hula, sai kawai na ƙanƙame katakon na yi tsit. Na ce a raina leƙawa za su yi su fita.

Hajiya ta shigo da bismillah, tirelar ta ɗan yi lilo. Ta ce, "Ikon Allah, gida a kan taya. Bari in zauna, ƙafafuna sun gaji da zagayen kasuwa."

Ta zauna a kan gadon. A karon farko tun da na ɗaura shok ɗin, murfin ya rufu ruf. Katakon ya zo daidai kan hancina.

"Ina mai gidan naki?"

"Ina jin shago ya koma, Umma. Tun safe yake fama da gadon nan, wai zai sa ya riƙa buɗuwa da kansa."

"Shi da hannunsa? Ashe ya iya aikin hannu."

Sai na ji Sadiya ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta ba.

"Umma, ki rufa mini asiri. Bara injin wankinmu ya lalace, ya ce kada a kira kowa. Ya wuni a kansa. Da muka kunna sai injin ya fara tafiya, wallahi Umma tafiya, daga kicin har bakin falo. Washegari yana fita aiki na kira mai gyara. Da ya dawo ya ga yana wanki lafiya, sai ya shafa shi ya ce, 'Kin gani? Dama sai ya kwana yake daidaita.'"

Jama'a, labarin injin wankin nan na ba da shi a ofis ya fi sau goma. Har shawara nake ba mutane a kan nasu.

"Famfon banɗaki ma haka. Fankar ɗakin Hanan kuwa sabuwa na saya iri ɗaya, tsohuwar tana gidan maƙwabta."

Hajiya ta kama dariya, gadon yana girgiza, katakon yana dukan hancina a hankali a hankali. Gumi yana shiga mini ido, ba halin sharewa.

Da ta tsagaita sai ta ce, "Ki bar shi, kada ki taɓa gaya masa. Babanku, Allah ya jiƙansa, haka yake. Ya buɗe rediyo ya mayar, ki ga noti uku sun ragu a tabarma, ya ce kamfani ne ya sa su da yawa. Namijin da zai wuni cikin zafin nan don kada yatsanki ya sake ciwo, ko bai iya ba, ki gode wa Allah."

Na ƙara cije sukudireban da ke bakina.

Sai Hajiya ta ce, "Kira shi mana, kada ya tafi Al Rigga nemana."

Wayar tana kan ƙirjina. Na ji Sadiya tana danne-danne. Na saki katakon da hannu biyu, tunda ai Hajiya na kai, na cafko wayar na danne maɓallin gefe daidai lokacin da fuskar wayar ta kawo haske. Ko ƙis ba ta yi ba. Na lumshe ido na yi hamdala. Ban taɓa jin na yi dabara irin ta wannan daƙiƙar ba.

"Ba ya ɗauka, Umma."

"To bari in ga wurin girkin nan."

Ta miƙe.

Sss.

Na kai hannu, katakon ya riga ya wuce. Haske ya fara shigowa ta gefe, murfin yana tafiya sama a natse, da katifa da filo da komai, babu gargada ko kaɗan, daidai yadda na gani a bidiyo.

Hajiya ta ce, "Innalillahi! Sadiya, gadon yana tashi!"

"Ai shi ne gyaran da ya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ga ni kwance ɗoɗar, ƙafafu a haɗe, waya a hannu biyu a kan ƙirji, sukudireba a baki, cibiya tana leƙen duniya ta hudar singileti. Muka haɗa ido da Hajiya, abin da bai taɓa faruwa ba a shekara shida.

Ban san me ya shiga kaina ba. Na cire sukudireban na ce, "Hajiya, barka da zuwa. Ya hanya?"

Na yunƙura in durƙusa, a cikin akwati, kaina ya gwaru da shok ɗin hagu.

Hajiya ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya ta fuskanci taga. Amma tarbiyya tarbiyya ce, sai da ta amsa.

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Aiki da godiya, Hajiya."

"To madalla. Sadiya, ba shi abin da zai rufa."

Ta sauka, kafaɗunta suna rawa don dariyar da take dannewa. Sadiya kuwa ta tsaya hannu a baki, ina kallon lissafin da take yi a fuskarta: tun yaushe yake ciki, me da me ya ji. Ta miƙo mini abin da ya fi kusa, bargon Hanan, ruwan hoda mai zanen zomaye. A cikinsa na ratsa filin nan har wajen mota, direbobin da ke hutawa a inuwa suna bi na da kallo. Wani ma har da ɗaga mini hannu.

Bayan awa ɗaya na fito falo cikin shadda da hula, na durƙusa na sake gaishe ta daga farko, ita ma ta amsa kamar yau muka fara haɗuwa. Babu wanda ya ta da maganar. Sai da na mayar da ita otal, ta sa ƙafa ɗaya a waje, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gadon yana buɗuwa da kyau, Allah ya yi albarka. Saura ya koyi rufuwa."

Washegari na ɗora murfin a kan sikelin banɗaki, na rubuta nauyin a takarda, na koma shagon dattijon nan aka ba ni ƙananan shok. Wani maƙwabcinmu kafinta ne ya ɗaura su, ni kuma na riƙe masa fitila. Yanzu murfin yana tashi da yatsa ɗaya, yana kuma kwanciya in an ce ya kwanta.

Abin da na koya bai da yawa. In ka ji muryar surukarka alhali kana cikin shigar da ba ta dace ba, ka buɗe baki ka ce a dakata, kunyar ba za ta wuce minti ɗaya ba. Sannan kada ka taɓa fatan jin abin da iyalinka ke faɗa a kanka in suna zaton ba ka nan. Ni na ji nawa tsaf, ina kwance na bi maganganun ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda zan ƙaryata, ban samu ko guda ba.