Saƙon Da Na Matsa A Fassara Mini

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na roƙi jama'a su faɗa mini gaskiya, suka kuwa faɗa, ta lasifika, a gaban mutumin da zai ba ni aure.

A shekarun nan muna da wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Rano. Ba mu da komai sai lasifika ɗaya mai shaƙaƙƙiyar murya, da tsohon labule da muke ɗaurewa tsakanin bishiyoyi, da akwatin kayan wasa wanda ɓeraye suka fi mu sanin abin da ke ciki. Amma Allah ya sani mun ji daɗin zamanin nan. Da an gama girbi sai mu cika a-daidaita-sahu, wasu a babur, mu nufi ƙauyukan Kibiya. Mu yi wasa tsakanin la'asar da magariba, a dama mana fura da nono, mu dawo muna ta tsokanar juna a hanya. Shugabanmu Malam Sabo tela ne, shi ke fitowa a maigida mai rowa. Binta, malamar firamare, ita ke fitowa a matarsa. Ni ne sakatare, ni ne kuma mai jawabin buɗe taro kafin a yaye labule, sanye da wata jar dara da nake ji da ita. (A raina jawabin nan shi ne ainihin wasan, abin da ke biyo baya ƙari ne kawai.)

Wata shekara aka tura ni taron bita a Kano. Na dawo da sabuwar jaka da sabuwar magana, wai dole kowace ƙungiya ta riƙa jin ra'ayin masu kallo. Na zauna na tsara takardar tambayoyi da wata irin Hausa da ko ni sai na karanta sau biyu. Har yau ina tuna ɗaya daga ciki: "Shin wannan wasa ya yi tasiri a kan fahimtarka ta al'amuran zamantakewa?"

A Durba muka fara rabawa. Rana ta yi zafi, don haka takardun suka yi amfani ƙwarai, kowa ya yi fifita da tasa. Ba mu kawo biro ba. Mata kuwa ana gama wasa suka watse, girki na jiransu. 'Yan takardun da suka dawo hannuna, ɗaya an zana saniya a bayanta.

Na ce wa Malam Sabo mutanen nan ba sa son ci gaba.

Ya ce, "Sakatare, dattawan nan ajami suka iya, ka ba su boko. Wasu Fulatanci ya fi musu sauƙi a baki. Ga tsohon nan da ba ya gani, duk zuwanmu yana sahun gaba, da me zai cike maka takarda? In maganarsu kake so, ka bar su su yi magana mana."

Daga nan dabarar waya ta fito (wadda daga baya na riƙa cewa tawa ce). Duk mai son cewa wani abu sai ya faɗa a ɗauki muryarsa, da harshen da ya ga dama, ba sai ya faɗi suna ba. Ni zan zagaya wajen maza, Binta ta bi mata da tata wayar, har bakin murhu in ta kama.

A Unguwar Gai muka gwada, abin kuwa ya karɓu. Mutane har layi suka yi. Ni kuma ina da wani dalili na son garin, don can Hajara take, yarinyar da nake nema. Iyayenta Fulani ne da suka daɗe da zama suna noma, kuma baffanta Malam Buba shi ne waliyyinta. Mutum ne mai kawaici, in ka gaishe shi sau uku zai amsa sau ɗaya, yana kallon ƙasa.

Da lokacin taron rufe wasannin shekara ya zo, na kawo shawarar a saka muryoyin nan a lasifika kowa ya ji. Muka shirya a harabar wata makaranta a Rano, muka gayyaci dattawa, ni da kaina na aika wa Malam Buba, ya kuma zo aka ba shi kujera a gaba. Binta ta turo mini nata saƙonnin, ta ja ni gefe.

"Malam, ka saurare su duka kuwa?"

"Na ji na farko-farkon, duk yabo ne."

"Da dai ka ji sauran."

Na ce mata ai amfanin abin ke nan, a ji gaskiya ɗanya, ba tacewa. (Ku lura, da bakina na faɗa.)

Na yi jawabina kamar yadda na saba, na taɓo tarihin wasan kwaikwayo tun daga tashe, sannan na jona waya da lasifika. Muryar farko ta yaba wa Malam Sabo, aka yi tafi. Wata mata ta ce a riƙa ba su wuri a inuwa, don kullum su ake bari a rana da goyo. Wani tsoho ya ce a ɗaga murya, na baya ba sa ji. Ina ta gyaɗa kai ina duban baƙi, kamar ni na haifi masu maganar.

Sai ga muryar wata dattijuwa da Fulatanci. Ni kalma ɗaya na sani a harshen, "wooɗi", wato ya yi kyau, kuma na ji ta faɗe ta har sau biyu. A bayanta ana jin mata na ƙyalƙyala dariya. Wasu Fulani da ke zaune can gefe suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ni duk na ɗauka daɗi ne ya kama su.

Na tsayar da wayar, na nufi Malam Buba da makirufo.

"Baffa, a taimaka a fassara mana, kowa ya amfana."

Ya ce, "A'a, ai yabo ne. Ta ce wasa ya yi kyau. A wuce gaba."

"Ai maganar ta fi haka tsawo, Baffa. Mu nan ba ma ɓoye komai."

"Malam, a bar shi haka."

Binta na can tana girgiza mini kai, Malam Sabo ya ja mini riga. Ban ji ba, ban gani ba. Na ce, "Baffa, don Allah kalma da kalma. Alƙawari muka yi wa jama'a cewa za a ji muryarsu."

Sannan ya karɓi makirufo ya yi gyaran murya.

"To, tunda ka haɗa da Allah. Ta ce wasan ya yi kyau, mai rowar nan ma ya yi kyau. Ta ce amma dogon nan mai jar hula da ke fara magana, ita ba ta san laifin da suka yi masa ba. Ta ce ranar yana cikin magana ta koma gida ta ɗaure maruƙa, ta ɗora tukunya, ta dawo ta tarar bai gama gaishe-gaishe ba."

Wuri ya ɗauki dariya. Na yi yaƙe, na miƙa hannu zan karɓi makirufo. Bai sake ba.

"Da saura, ka ce kalma da kalma. Ta ce an gaya mata wani ɗan Rano mai wasa na neman 'yarsu Hajara. Ta ce Allah ya sa ba mai hular ba ne, don in shi ne, yarinyar nan sai ta yi furfura kafin ya gama sallama."

Jama'a, na ji ƙasa ta ƙi tsagewa. Malam Sabo ya sauko daga kujera ya durƙusa yana riƙe da ciki. Dattawan da na gayyato suna share hawaye da bakin rawani. Cikin ruɗewa na danna wayar don in kashe, ashe saƙo na gaba na kunna, sai ga wani da Hausa tsantsa yana cewa, "Ni dai roƙona ɗaya, mai jawabin nan a ba shi aikin riƙe labule."

Ban san lokacin da na cire darar na cusa a aljihu ba.

Dattijuwar ashe Goggo Dije ce, yayar Malam Buba. Na yi makonni ban taka Unguwar Gai ba, har sai da Hajara ta aiko a tambaya ko lafiya. Ranar da na daure na je gaishe da Goggo, na durƙusa na ce "Ina wuni" na yi shiru. Ta leƙa fuskata ta ce, "Af, ashe ka iya gajeriya." Ita ce kuma ta fi kowa tsaya mini har aka ɗaura aure.

A shekarar da ta biyo mata suka samu inuwa, muka matso da tsofaffi gaba, jawabina ya koma bismilla da sannu da zuwa. Ba mu taɓa tara mutane irin na shekarar ba, abin da har yanzu yake ɗan sosa mini rai.

Yau ƙungiyar ta watse. Binta ta bi mijinta Kano, idon Malam Sabo ya yi rauni ya bar ɗinki, sauran kowa ya kama gabansa. Wani lokaci in na wuce harabar makarantar nan da yamma sai in rage tafiya, in ji kamar zan jiyo su suna gardamar wanda ya manta da igiyar labule.

Abin da na koya dai shi ne, sauƙaƙa wa mutane hanyar faɗin ra'ayinsu abu ne mai kyau, ina nan a kan bakana. Sai dai duk wanda zai yi, ya fara saurara shi kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe. In kuma surukinka ya ce maka a wuce gaba, ɗan'uwa, ka wuce gaba.